In Kaka tana wurin Yesu, wa muka binne?

'Yar Inna ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, amma ku yi haƙuri in fara daga tushe, don in ban faɗi yadda abin ya taso ba, ba za ku gane abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba.

Mahaifiyata ta rasu wata biyu ke nan, ana cikin yankan dawa. Inna muke ce mata. Ta daɗe tana fama da hawan jini, daga baya ya shanye mata ɓarin jiki, na ɗauko ta daga ƙauyenmu da ke gefen Malumfashi na kawo ta wurina a Kaduna. A asibiti ta cika, ranar Talata da asuba, kanta a kan cinyata. Aka kai ta mutuware ta kwana tara, muna jiran yayanmu ya samu izini a wurin aiki ya taso daga Fatakwal. Kawu, ƙanenta ciki ɗaya, Musulmi ne. Kullum da safe sai ya bugo waya: "Har yanzu ba ku kai ta makwancinta ba?" Ba faɗa yake yi ba, tausayinta ne ya hana shi sukuni. A wurinsu wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an rufe shi, to shi gani yake mun bar 'yar'uwarsa cikin sanyi ita kaɗai.

Ni da mata biyu na zumunta muka yi mata wanka muka shirya ta. Ban yi kuka ba sai da na zo kan hannunta na dama. Akwai tabon ƙuna a bayan hannun, faɗinsa kamar kwabo, tun ina 'yar firamare man ƙuli-ƙuli ya fallatso mata. Ga kantar taɓarya a tafin, har ranar ba ta baje ba. Da hannun nan ta biya mana kuɗin makaranta mu biyar. Na riƙe shi na daɗe, sai da ɗaya daga cikin matan ta ce, "Sake ta haka nan, rana na yi." Muka ɗaura mata zanen zumunta da kallabinsa, muka sa ta a akwati, muka kama hanyar gida.

A majami'a fasto ya yi wa'azi mai daɗi, ban raina masa ba. Ya dafa akwatin ya ce, "Inna ba ta cikin nan. Wannan ɓawo ne kawai, kamar ɓawon gyaɗa. Ita tana gaban Ubangiji yanzu haka, tana waƙa, ba sanda ba ciwo." Aka ce amin, mata suka rangaɗa guɗa, aka buga tulu. Da muka je bakin kabari, can bayan gonarta, shi dai faston ya buɗe 1 Tasalonikawa 4 ya karanta zancen waɗanda suka yi barci, da yadda za a busa ƙaho matattu cikin Almasihu su fara tashi. Ya ɗebi ƙasa ya zuba ya ce, "Ki huta, sai ranar tashin matattu." Nan ma amin muka ce.

A hanyar dawowa, mun wuce Funtuwa kaɗan, ɗana ɗan shekara tara da na zaci barci yake ya ɗago kai ya ce, "Mama, in Kaka tana wurin Yesu, wa muka binne?" Na ce jikinta. Ya ce, "To in ta riga ta je tana waƙa, me za ta tashi ta yi kuma? Dawo da ita ramin za a yi sannan a tashe ta?" Babansa ya kalle ni ta madubi, ni ma na kalle shi. Na ce wa yaron ya kwanta, ma yi maganar a gida. Yau wata biyu ba mu yi ta ba. Ni ɗin nan da nake koyar da yara a makarantar Lahadi shekara goma sha ɗaya.

Sai abu na biyu. Kwanakin zaman makoki, rabin masu zuwa gaisuwa Musulmi ne, dangi da maƙwabta. "Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta, ya kyautata namu zuwan." Ni kuwa amin nake cewa, har cikin zuciyata. Wani dare muna addu'ar iyali bakina ya suɓuce na ce, "Ya Uba, ka ji ƙan Inna." Da muka gama, wata dattijuwa daga ikilisiyarmu da ta kwana tare da mu ta ja ni gefe ta ce mu ba ma yi wa matattu addu'a, wanda ya tafi ya tafi da guzurinsa, godiya kawai ake yi. Ban musa mata ba. Amma da Kawu ya ce zai yi mata sadakar arba'in a gidansa, za a soya waina a raba, na tura masa kuɗin mai ta waya ban gaya wa kowa ba. Yau ne na fara faɗa.

To ina Inna take yanzu, yau ɗin nan? Idonta biyu ne ko barci take? Abin da na wanke da hannuna ɓawo ne da gaske? Kuma amin ɗin da nake cewa laifi ne? Don Allah wanda zai amsa ya nuna mini inda zan buɗe in karanta da kaina, kada a ce mini in yi haƙuri kawai. Haƙurin ina yi.

Tsohon Malamin Baibul ya amsa:

'Yata, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke da dukan gidan. Na koyar a makarantar Baibul shekaru da dama kafin idanu su sa ni ajiye alli, kuma na binne matata, saboda haka ba daga takarda kaɗai zan yi miki magana ba.

Ki gaya wa jikana kada ya ji kunya. Tambayar da ya yi a mota ta taɓa tayar da ƙura a fadar Paparoma. A 1331 Paparoma Yohanna na 22 ya yi wa'azi cewa rayukan tsarkaka ba za su ga fuskar Allah ba sai bayan tashin matattu. Malamai suka yi masa ca, ya janye maganar yana gab da mutuwa a 1334, magajinsa Benedik na 12 ya yanke a 1336 cewa suna ganinsa tun kafin ranar. In masu rawani sun yi tuntuɓe a nan, ɗan shekara tara bai yi abin kunya ba.

Abin da fastonku ya faɗa a majami'a da abin da ya karanta a bakin kabari duka suna da tushe, sai dai ba nauyinsu ɗaya ba. Zancen inda mai bi yake tsakanin mutuwa da tashi, ayoyinsa ba su da yawa, da yatsu za ki ƙirga su. A Luka 23:43 Yesu ya gaya wa ɓarawon nan da aka gicciye kusa da shi cewa yau za su kasance tare a Firdausi. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa, a 1:23, cewa ya fi son ya tafi ya zauna tare da Almasihu don ya fi masa nesa ba kusa ba. A 2 Korantiyawa 5:8 ya ce rabuwa da jiki zama ne da Ubangiji. Istifanas ana cikin jifansa ya roƙi Yesu ya karɓi ruhunsa. Ki lura da kyau, babu inda aka zana mana wurin, ba a ce ga irin ɗakin ba, ga abin da suke yi in gari ya waye ba. Abu ɗaya ake ta nanatawa: tare da shi. Saboda haka in kin ce Inna tana wurin Ubangiji, ƙafarki a kan tsandauri take. Zancen tana waƙa ba sanda kuwa, fasto ne ya ɗan ƙara gishiri don ya sanyaya muku zuciya, ban kama shi da laifi ba.

Inda zan ja da shi, ɓawon nan ne. Ɓawon gyaɗa in an ɓare zubarwa ake yi, ko a hura wuta da shi. Ba haka Littafi ya ɗauki jiki ba. Ki koma 2 Korantiyawa 5 ɗin, ki fara daga aya ta farko. Bulus ya kira jikin nan alfarwa, amma ya ce ba so yake a tuɓe shi ya zauna tsirara ba, so yake a ƙara masa sutura a kan wadda yake da ita. Wato ko shi da ke ɗokin tafiya bai ɗauki zama ba jiki a matsayin ƙarshen hanya ba. Sai ki buɗe Wahayin Yahaya 6:9-11. Ga rayukan waɗanda aka kashe saboda shaidarsu, suna ƙarƙashin bagade, suna kira suna tambayar har yaushe. Aka ba su fararen riguna aka ce su ƙara hutawa kaɗan. Lafiya lau suke, ba abin da ke taɓa su, amma jira suke. Zango ne, 'yata. Mu da muka tarar da ƙarshen zamanin fatake mun san zango komai daɗinsa ba gida ba ne.

Gidan yana 1 Korantiyawa 15, aya 58 cur a kan magana ɗaya. Ke 'yar manoma ce, za ki fi ɗalibaina saurin ganewa. Bulus ya ce abin da ka shuka ba shi ne surar da za ta fito ba, ƙwaya ce tsura. Ƙwayar dawa da kika binne da damina ba ta kama da karan da ya fi ki tsawo da kaka ba, amma kuma ba gero ne ya fito ba, dawa ce, ita ɗin ce dai. Ana shukawa cikin ruɓa a tashe cikin rashin ruɓa, ana shukawa da rauni a tashe da iko. Da fasto ya ce iri maimakon ɓawo, da yaron bai rikice ba. Wa muka binne? Kaka muka binne, kamar yadda ake binne iri. Wa ke wurin Yesu? Kaka ce, tana jiran abin da aka shuka.

Ki duba Yesu kansa. In da tafiyar rai zuwa sama ita ce dukan albishir, me za a yi da kabarin da aka tarar wayam ranar Lahadi? A Luka 24 almajirai sun zaci fatalwa ce, ya ce su taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Ya nuna wa Toma gurbin ƙusa. Shaidar bangaskiya ta Manzanni ta ce tashin jiki, wadda aka kammala a Kustantaniya a 381 ta ƙare da sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa. Babu wadda ta rufe da "in na mutu zan tafi sama". Mu malamai da masu waƙa ne muka riƙa jan bargon ta gefe ɗaya, muka cika jana'iza da zancen gida a sama, har tashin matattu ya koma ɗan karatun da ake yi a gurguje a bakin rami rana na dukan mutane. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Kukan da kika yi a kan hannun nan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya tsaya ya yi hawaye. Bulus kuma abokin gaba na ƙarshe ya kira mutuwa, bai ce mata ƙawa ba.

Ko Inna tana ganinku, Littafi bai yi mana wannan alkawari ba. A Luka 16 mai arzikin nan ya tuna da 'yan'uwansa biyar, amma misali ne a kan dukiya da ƙin jin Musa da annabawa, ni ba na kafa ginshiƙi a kansa. Zancen addu'a bari in huta tukuna, jikata ce ke buga mini, ta ce yatsunta sun gaji.

Ɗan Jengre ya amsa:

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Baba, na gaishe ka, rabin maganarka tawa ce, musamman ta iri. Ni ɗan Adventist ne, mu masu sujada ran Asabar, kakana ya shiga tun mishan ta zauna a Jengre a farkon shekarun 1930. A kan zangon nan ne muka raba hanya.

Mu mun ce barci take, barci na gaske. A Farawa 2:7 Allah ya siffata mutum da ƙurar ƙasa, ya hura masa numfashi, mutum ya zama rayayye. Ba a ce an cusa masa wani abu da zai iya fita ya ci gaba da tunani shi kaɗai ba. Ƙasa da numfashi in sun rabu, kamar tocila ce da aka cire wa batir, hasken bai ƙaura zuwa wani gari ba. Mai Hadishi 9:5 ya ce matattu ba su san kome ba. Zabura 146:4 ta ce ranar da numfashi ya fita, shirye-shiryen mutum sun ƙare. Daniyel 12:2 ya ce masu barci cikin ƙurar ƙasa za su farka. Kuma ki yi tunanin Li'azaru. Kwana huɗu yana kabari, ya fito, ba a rubuta ko kalma ɗaya ta abin da ya gano ba. In a Firdausi yake, kiransa ya dawo Betanya ya sake fama da duniya wane irin alheri ne?

Maganar ɓarawo kuwa, tsofaffin rubuce-rubucen Helenanci ba su da waƙafi, masu fassara ne suka sa. Matsar da shi gaba kaɗan sai ta zama: ina gaya maka yau, za ka kasance tare da ni. Ai ranar Lahadi da safe Yesu ya gaya wa Maryamu Magadaliya bai hau wurin Uba ba tukuna, yana Yahaya 20:17.

Kada ki ji wannan kamar sanyin mutuware. Shekara uku da suka wuce aka yi mini aikin ƙaba. Aka yi mini allurar barci, likita ya ce in ƙirga, na kai huɗu. Buɗe idon da zan yi sai ga matata tana yi mini fifita, wai awa biyu ta wuce. Ni ban ga awa biyu ba, ban ga ko daƙiƙa ba. Haka muka ɗauki Inna. Ta rufe ido a kan cinyarki, abu na gaba da za ta sani shi ne muryar Ubangiji. Jiran naku ne, ba nata ba. Ni wannan ya fi kwantar mini da hankali a kan in ce mahaifina yana can yana kallon yadda 'ya'yansa ke rigimar gona.

Katikis ya amsa:

Allah ya ba Inna hutawa ta har abada, haske marar ƙarewa ya haskaka mata. Kin ga, ni na riga na yi abin da aka hana ki. Ni Katolika ne, ina koyar da katikisma a wani ƙauye a kudancin Kaduna, zan tsaya kan tambayarki ta ƙarshe.

Abin da ya suɓuce daga bakinki daren nan, Kirista sun daɗe suna faɗarsa da gangan. Tertuliyan na Kartaj, wani malamin Kirista a Afirka ta Arewa, a farkon ƙarni na uku, ya ambaci matar da ke yi wa mijinta da ya rasu addu'a, tana ba da baiko duk ranar da ya cika shekara. Ga kuma Monika, mahaifiyar babban malamin ikilisiya Agustin, mutanen ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ta riga ta tanadi kabari kusa da na mijinta a gida, sai ajali ya same ta a Ostiya, tashar jiragen ruwan Roma, a 387, suna shirin komawa. 'Ya'yanta na damuwa da za ta mutu a baƙon wuri, ta ce su binne jikin ko'ina, abu ɗaya take roƙo, su riƙa tuna ta a gaban bagaden Ubangiji. Agustin kuwa ya yi mata addu'ar, har ya roƙi masu karanta shi su taya shi. A 2 Makabiyawa 12, Yahuza, shugaban yaƙin Yahudawa, ya tara azurfa dirhami dubu biyu ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu, marubucin ya ce ya yi haka ne don yana sa zuciya ga tashin matattu.

Mutane na jin Purgatori, wato tsarkakewar rai bayan mutuwa da muke yi wa matattu addu'a dominta, su zaci wata ƙaramar jahannama ce, ko jarrabawa ta biyu ga wanda ya faɗi ta farko. Ba haka muke koyarwa ba. Wanda ya mutu cikin alherin Allah, cetonsa ya tabbata. Sai dai mutum nawa ne ke mutuwa ba sauran ƙulli a zuciya, ba sauran son kai? Wanda ya taso daga gona aka ce sarki na kira, an riga an karɓe shi, amma zai tsaya a wanke masa ƙafa kafin ya taka shimfiɗa. 1 Korantiyawa 3:15 ta yi zancen wanda zai tsira, amma kamar ta tsakiyar wuta. Ban ce Inna tana can ba, mai yiwuwa ta wuce tuni. Addu'a dai ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Na san za a ce an mai da abin kasuwa a zamanin da. An yi, ba ƙarya. Majalisar Tirento ma, babban taron shugabannin Katolika, da ta tabbatar da koyarwar a 1563 ta umarci bishop-bishop su hana duk abin da ke warin camfi ko neman kuɗi. Mu duk 2 ga Nuwamba muna Misa domin dukan masu bi da suka rasu, mu je maƙabarta mu share ciyawa. Na ga tsohuwa ta durƙusa a kan kabarin ɗanta tana cire ƙaya da hannu tana ambaton sunansa. Ban san wanda zai iya ce mata ta yi shiru ba.

Maƙwabcinku Musulmi ya amsa:

Baiwar Allah, ya haƙuri? Ba zan shiga muhawararku ba, don Kawunki kawai na saka baki. Mu a wurinmu tsakanin mutuwa da tashin alƙiyama akwai barzahu, akwai tambayar kabari, shi ya sa muke gaggauta kai mamaci makwancinsa, kuma shi ya sa kwana taran nan ta yi masa nauyi. An koya mana cewa aikin mutum na yankewa in ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ita sadakar uku da bakwai da arba'in, malamanmu ma ba bakinsu ɗaya a kanta ba. Ni dai abin da na gani, dattijo ne ya rasa yayarsa, ya yi mata abin da ya sani. Ki riƙa kiransa. Yanzu ke ce madadinta a wurinsa.

Tsohon Malamin Baibul ya sake amsawa:

Ɗana na Jengre, misalin allurar nan ya yi kyau, kuma Luta ma, jagoran gyaran ikilisiya, akwai inda ya yi magana kusan haka, cewa mai bi zai farka bai san tsawon barcinsa ba. Amma Kalbin, shi ma jagoran gyaran ne, tun yana saurayi, a 1534, ya zauna ya rubuta raddi a kan barcin rai, ka ga rigimar ta girme mu duka. Ni abin da ya hana ni bin ka shi ne Bulus. In rashin sanin kome ne ke jiransa, da wuya ya ce tafiya ta fi masa zama nesa ba kusa ba. Kuma "hakika ina gaya maka" Yesu ya faɗe ta sau da yawa, bai saba liƙa mata "yau" ba. Ai duk mai magana yau yake yin ta. Barcin nan ni na ɗauke shi a kan jiki, shi ne ke kwance.

Malam Katikis, Makabiyawa na cikin littattafanku 73, ba ya cikin namu 66, a nan gizo ke saƙa. Mu mun tsaya kan Ibraniyawa 9:27, mutuwa sau ɗaya, bayanta shari'a, da kuma cewa jinin Almasihu ya gama wankin, ba sauran ƙafar da za a wanke a ƙofa. Shi ya sa a ikilisiyarmu godiya muke yi saboda wanda ya rasu, dattijuwar nan ba daga kanta ta faɗa ba.

Amma 'yata, ni ba zan ɗora miki laifi ba. Bakin da ya shekara arba'in yana sa sunan Inna a addu'a ba zai daina cikin mako ɗaya ba. Matata ta yi shekara da rasuwa ina tsintar sunanta a bakina da asuba. Abin da na koma yi, in sunan ya fito sai in ce, "Tana hannunka, na gode." Wanda kuma ya tako ya zo maka gaisuwa ya ce Allah ya ji ƙanta, ni amin nake cewa, don jinƙan nan shi ne dama abin da ta dogara da shi tun tana da rai.

'Yar Inna ta sake rubutawa:

Na gode Baba, na gode 'yan'uwa, har da maƙwabcinmu. Na kira Kawu jiya, mun fi rabin awa, yawanci zancen wanda zai noma gonarta bana.

Daren jiya na ɗauko Baibul ɗin Inna, tsohuwar fassara ce, irin wadda ke cewa Yohanna da Ru'ya, tana naɗe a leda bangon ya rabu. Ba ta iya karatu sosai ba, da yatsa take bi, duk shafin da ta fi zama a kai gefensa ya yi baƙi da mai. Na bi ayoyin da kuka ba ni ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ɗaya. Ban zama 'yar Asabar ba, ban zama Katolika ba, kada ku sa rai. Amma zancen allurar barci ya bi ni har gado, kuma na kasa fitar da tsohuwar nan mai cire ƙaya daga raina. Kalmar ɓawo dai na ajiye ta, ba zan ƙara koya wa yara ita ba.

Da safe kafin makaranta na ɗebo dawa daga buhun da muka taho da shi daga gida, na gonarta ne, noman ƙarshe. Na zuba wa yaron a tafin hannu na yi masa bayanin Baba yadda na iya: Kaka tana wurin Yesu tana jira, jikinta kuma an shuka shi. Ya jujjuya ƙwayoyin ya ce, "To da tabon za ta tashi ko babu?" Ashe ya san tabon, ya ce in tana ba shi labari yakan sa yatsa a kai. Na rasa ta cewa. Babansa yana ɗaura takalmi ya ce ai na Yesu bai ɓace ba, Toma ya gani. Yaron ya ce gara a bar mata, don in mutane sun yi yawa ranar, da shi zai gane ta.

Ya zuba dawar a aljihun wandon makaranta ya fita, ban hana shi ba. Baba, in jikarka ta huta, ina son ka ƙara mini bayani a kan aya ta 44 ta 1 Korantiyawa 15, inda aka ce jiki na ruhu. A nan na tsaya jiya, ban gane ba.